Kafin a Buɗe Ƙofa

Sau goma sha ɗaya na haska fim ɗin nan
a rumfata ta kwano, bayan gadar Kwangila.
Na haddace shi har da tarin ɗan sandan ciki,
don haka ni na daina kallon allo,
fuskoki nake kallo.

Ga matar can tana wanke kofi,
tana 'yar waƙarta, famfo na ɗiga.
Mu an nuna mana takalmi a ƙarƙashin labule.
Ita ba a nuna mata ba.
A nan gizo ke saƙa:
a ba ka sirri, a ɗinke maka baki,
a bar ka da kayan da babu mai sauke maka.

Tanimu mai faci ya miƙe tsaye kan benci,
"Ke! Waiwaya mana!"
sai ka ce ƙanwarsa ce ciki ɗaya.
Aka ja rigarsa, ya zauna da rabin ɗuwawu.

Ku lura, har yanzu ba a zubar da jini ba.
Minti tara ke nan, na taɓa ƙirgawa,
ba wuƙa, ba ihu, ba gudu,
sai agogon bango, sai ɗigon famfo,
sai wayar da ta yi ƙara sau biyu ta haɗiye sauran.
Wanda ya shirya abin nan ya san ɗan Adam,
ya san jiran mari ya fi marin zafi.
Hannunsa irin na masu ɗinkin riga ne a cikin birni:
ya ja zare har ya kusa tsinkewa,
sannan ya sassauta.

Kyanwa ta faɗo daga taga.
Rumfa ta kece da dariya,
Sallau ya tuna da gyaɗar da ta jiƙe a tafinsa,
wani ya ce shi dama bai ji tsoro ba.
Ni dai na san dariyar nan bashi ce,
kuma da ruwa za a biya.

Kiɗa ya ɗauke.
Kyamara ta bar fuskarta, ta zagaya ta baya,
tana binta sannu sannu,
kamar wani ya ari idanunmu yana sanɗa da su.
Ga labule. Takalmin babu.
Hannunta ya kai ga mariƙin ƙofa.

Janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

A wata rana da na sha zagi,
da an ce in dawo da kuɗin kowa.
Yau mutum arba'in da ɗoriya a cikin duhu,
ba mai kunna fitilar waya.
Tirela ta bi ta kan gada, kwano ya girgiza,
wata murya ta yi salati ƙasa ƙasa.
Kowa ya buɗe ƙofar nan a cikin kansa,
kowa ya tarar da nasa dodon:
wani mai binsa bashi,
wani dare ɗaya a hanyar Giwa da bai taɓa ba da labarinsa ba.

Ina riƙe da galan, igiya na hannuna.
Na san abin da ke bayan ƙofar,
wani siriri ne mai tabo a haɓa,
bai kai rabin wanda suka ƙera a duhu ba.
Shi ya sa na ɗan jinkirta.
Na ƙirga ashirin.
A daren nan ni ma na shirya fim.

Da aka tashi, ba wanda ya tafi shi kaɗai,
har Tanimu ya nemi ɗan rakiya zuwa Muciya.
Na kulle rumfa, na bi lungu, ina fito don ƙarfin hali.
A ɗakina, ƙarƙashin labule, ga takalmi.
Nawa ne.
Na san nawa ne, ni na kai shi ɗinki shekaranjiya.
Duk da haka sai da na yi sallama.