Malamin Dare a Garkar Zogale

Ban taɓa ganin isowarsa ba.
Sai dai bayan isha'i, da fitila a hannu,
in na leƙo garka don kashe injin ruwa,
wani abu mai launin toka, bai kai farce ba,
ya yi ta kai wa haske mari
kamar yana bin sa bashi.

Habsu ta ce, Inna, malam-buɗe-littafi ne.
Na ce wane irin malami ne wannan
da ba ya buɗe littafinsa sai duniya ta kwanta?

Ashe rubutu yake yi.
A bayan ganye, inda ido ba ya zuwa,
ɗigo-ɗigo, wasali ba baƙi.
Kwana kaɗan wasalin ya yi kai, ya yi baki,
ya fara ci.

Zogale ɗari uku da sha ɗaya na dasa
a Jiratawa, gabas da hanyar ruwa,
da kuɗin adashin watan Rajab.
Na san su yadda ake sanin awaki:
wannan ragguwa ce, waccan ba ta ƙoshi,
ta bakin rijiya ta riga kowa kai mini ƙugu.

Tsutsar tana da baki irin na ɗan gata.
Toho take fara nema, ɗanyen kan nan mai laushi
wanda ni kaina a hankali nake shafawa.
Ta saƙa masa zare, ta naɗe shi kamar ƙunshin goro,
ta shige ta ja ƙofa.
Da safe ganye ya zama rariya,
rana na zuba ta cikinsa.

Ɗan Jimma mai garkar kudu ya zo da kwalba a aljihu,
ba suna a jikinta.
Ya ce fesa sau biyu, ko ƙuda ba zai gifta ba.
Na ce abin da ke ba ni tsoro ke nan.
Ganyen nan jibi yana cikin kwano
da ƙuli da albasa
a gaban ɗan wata, a tashar Maradi.

Sai muka koma ga turmi.
Ƴaƴan bedi, tonka, guntun sabulu,
Habsu na daka tana atishawa tana harara ta.
Muka jiƙa ya kwana, muka tace da tsohon kallabina.
Wasu suka mutu.
Wasu suka sauko ta zarensu, lilo-lilo,
suka shige ƙasa
su jira mu gaji.

Mun gaji.

Ran Laraba na ɗauki adda.
Na bi su layi-layi, na sare daidai gwiwa,
ban bar wa kowa ganye ba, ni da tsutsa.
Garka ta koma kamar an kafa turaku
an manta ba a kawo dabbobi ba.
Uwar adashi ta aiko, na ce a ce ba na nan,
ina bayan zana ina jin takun ƴar aike.

Yau kwana goma sha tara.
Ta bakin rijiyar nan ta fito da kai huɗu
inda can take da ɗaya.
Ba za ta ƙara miƙewa sama ba, an hana ta wannan,
sai faɗi, kamar mace ta riƙe ƙugu.
Na ƙirga tohon, na sake ƙirgawa,
ban gaya wa kowa ba.

Daren jiya na je kashe inji.
Na kunna fitila.
Ga shi nan, shi ko jikansa,
ya sauka a bayan hannuna, ya rufe littafinsa,
ba nauyi, ba ƙara,
ɗan gari-gari a fiffike.
Na ɗaga ɗaya hannun.

Inji na ta bugu, ruwa na bin layi,
ni kuwa ina tsaye a haka
har Habsu ta kira ni daga bakin darni.