Cokali Na Bakwai

A Port Kembla, inda hayaƙin masana'antar ƙarfe
ke gaisawa da gishirin teku,
ɗakin aikinmu yana bayan makaranta,
yana warin garin katako da narkakkiyar roba.
Malam Halloran, fensir a bayan kunne,
ya ce: "Shekarar ƙarshe ce.
Kada ku ƙera abin burgewa.
Ku nemo matsalar wani, ku goya ta."

Lachlan ya zaɓi allon hawan igiyar ruwa,
Thuy ta zaɓi fitilar keke mai shan hasken rana.
Ni ban yi nisa ba,
tawa matsalar tana zaune a teburin gidanmu:
hannun kakana Stavros,
da ya shekara talatin da ɗaya yana lanƙwasa ƙarfe,
yau cokalin miya ya gagare shi.
Kafin ya kai baki, rabi ya koma kwano,
rabi ya sauka a gaban riga,
mu kuwa sai mu juya ga taga
kamar wani jirgin ruwa ya kira sunanmu.

Na farko a kwamfuta na zana shi.
Inji ya kwana yana tofa roba zare-zare,
da safe ya haifo shi fari, sakayau kamar gashin kaza.
A cikin dankali ya karye.
Na biyu ya lanƙwashe a ruwan zafi.
Na uku na sa masa batir da ɗan mota,
ya yi ta rawa, har ya fi hannun rawa.
Na huɗu, a bar kaza cikin gashinta.

Na nufi kwandon shara, Malam ya tare ni:
"Ɗauki hotonsu, manna a kundi, rubuta dalili.
Masu dubawa sun fi yarda da tabo a kan kwalliya."

Na biyar ya yi aiki, ko kusa da haka.
Kaka ya juya shi, ya shinshina,
ya ture shi gefen gishiri.
"Wannan kayan asibiti ne, Despina.
Ban kwanta ba tukuna."
Daren nan ban ci abinci ba.

Ranar Asabar na iske shi a gareji
yana neman ƙusa a tsohon gwangwanin madara.
Ya ɗaga gudumarsa,
mai ƙotar da gumi ya mayar baƙa.
Na zuba wa hannun ido.
Rawar ta lafa, kamar yaron da aka goya.
Ashe wata biyar ina aske nauyi,
alhali nauyin nake nema.

Na shida na cika shi, ya gajiyar da wuyan hannu.
Na bakwai muka yanka ƙotar gudumar,
shi ya ce a yanka, ni hannuna ya ƙi.
Na huda cikinta, na zura sandar tagulla,
na auna, na rage, na sake aunawa.
Ya karɓi magagari ya gyara mini baki ɗaya,
yana mita wai 'yan zamani ba su san kusurwa ba.
Doka ta ce a faɗi duk wanda ya sa hannu,
sai na rubuta sunansa a shafi na sittin da biyu,
na bar zanen yatsansa na mai a gefen takardar.

Masu dubawa sun zo a ƙarshen sanyi,
mutum biyu, da alluna, ba fara'a.
Sun daɗe a kan gawawwakin shidan nan
fiye da yadda suka daɗe a kan mai rai.
Sakamako sai Disamba.

Amma Lahadin nan an dafa miyar wake.
Kaka ya kai loma, ya kai ta biyu,
ya ce gishiri bai ji ba,
ya shiga faɗa da mamata a kan man zaitun.
Rigarsa fara tas.
Wani jirgi ya yi kuka a bakin tasha,
ba wanda ya waiwaya.