Rumbun Hanta

Na riga danfon farko isowa Yaba.
Keji arba'in, jan ido tamanin,
duk sun san ƙarar mabuɗina.

Na hagu manja nake ɗiga musu a tsaki.
Na dama, haka takarda ta ce,
kada su ɗanɗana ko ƙwayar bitamin A.
Mako tara ke nan
na dama suna tsalle kamar ba a hana su komai ba.
Na tambayi Dakta Oyelaran,
ta ce, bashi suke ci a hantarsu,
jira rumbun ya ƙare.

Ya ƙare ran Talata.
Lamba goma sha bakwai ya daina samun bakin kwalbar ruwa
in an kashe fitila.
Yana bin bangon keji da gashin baki,
a hankali, a hankali,
sai hantar cikina ta kaɗa,
don na san wannan tafiya.

Haka Iya Tabawa take yi bayan magariba,
tafin hannu a jikin katanga,
daga madafa zuwa ɗaki, taku sha ɗaya.
Dundumi ne, in ji mutane, ai na gado ne.
Ran layya in an gasa hanta
sai ta yayyanka ta raba mana,
ta ce ita haƙoranta ba sa so.
Hanta fa, wadda ko jinjiri zai mamula.

Yau a ƙarƙashin jan ƙwai muke aiki,
an rufe taga da baƙin ƙyalle,
wai abin da ke sa ido ya ga duhu
shi haske ke kashe shi.
Na auna ƙoda: kaɗan.
Huhu: ɗan abin da ba a rasa ba.
Kitse ya ɓoye nasa kamar mai tsoron maƙwabta.
Hanta kuwa, ta 'yan manja,
da muka haska ta da shuɗiyar fitila
sai ta yi wani kore-kore, ta ɗan jima,
ta dushe muna kallo.

Ta goma sha bakwai ba ta ce komai ba.
Giram shida da ɗigo huɗu.
Na rubuta sifili a gabanta,
birona ya huda takardar.

An ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya tashi.
Ajiya maganin wata rana, haka muke cewa,
amma ba mu ce wa ke ajiyewa ba,
ba mu ce wa ke miƙa rabonsa ba.

Da dare na sauka Idi-Araba, ruwa na yayyafi.
Ɗanliti mai tsire ya ce, yau ma hanta?
Na ce ta dubu biyu.
Ya naɗe a jarida, mai ya ɓullo ta baya.
Na tsaya bakin kwata da ƙunshin a hannu, da zafinsa,
ina ganin kowace fitila har can gada,
ina gani sarai,
da idon da aka ciyar.