Hannun da ke Jan Labule

Dala ashirin na miƙa wa yaron ƙofa,
na samu benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce.
An ɗaure farin zane jikin wani garu a Bagalam,
inji na tari, sauro na karɓar haraji.
Wai fim ne na ban dariya
a kan abin da ke gudana bayan labule.
Na ce to, mu ga ƙaryar yaran zamani.

Ga su nan. Saura minti biyar a soma wasa,
gemun alƙali ya yi ɓatan dabo.
Barira mai kwalliya ta yanko gemun bunsurun aro,
ta jiƙa ƙaro a murfin kwalba, ta manna.
Bunsuru bai bar bashi ya kwana ba:
ya cinye shafi na tara, inda hukunci yake.
Mushe Lawali na lasar yatsa yana ƙirga takarda,
bakwai, takwas, goma,
bakwai, takwas, goma.

Tanimun shi ne gawa.
Aikinsa ke nan duka, ya kwanta ya yi shiru.
Sai wata ta kwance ƙullin yaji bayan fage
za ta barbaɗa wa dambunta.
Gawa ta yi atishawa sau uku,
masu makoki suka haɗa baki, "Yarhamukallahu,"
don tarbiyyar gida ba ta san wasa ba.

Ɗan Jimma, mai raɗa musu abin da suka manta,
shaƙuwa ta kama shi,
ɗan sanda na maimaita duk abin da ya ji,
har da shaƙuwar.

Sannan Kande mai fura ta kutso,
ba ta cikin wasa, ba ta san ana yi ba.
Ta hau fage da ludayi a hannu,
ta cafki rigar alƙali:
"Jika biyu da rabi, tun kafin azumi!"
Ƴan kallo na tafi, wai wannan ta iya.
Alƙali ya duba babu shafi na tara,
gemu na zamewa, yana warin turke,
ya buga guduma, ya yanke wa kansa hukunci,
ya zazzage aljihu a gaban jama'a.

Nan wuta ta ɗauke musu a cikin fim.
Nan kuma injinmu ya shiƙe, man ya ƙare.
Muka zauna cikin duhu muna ta ƙyaƙyatawa,
muna jiran su kunna ashana,
har sai da yaron ƙofa ya yi rantsuwa
cewa wannan duhun namu ne.

Na yi dariya har haƙarƙarina ya kai ƙara.
Amma ku ji.
Shekara goma sha tara ina jan igiya a gidan matasa,
na san warin fenti da zufa da tsoro,
na riƙe bangon kwali da bayana awa guda
don kada gidan attajiri ya faɗo wa attajiri.
Ba wanda ya taɓa tambayar sunana.

A fim ɗin ma akwai irina.
Ba a nuna fuskarsa ba ko sau ɗaya,
hannu kawai, daga gefe,
yana jira a kan igiya
kamar mai jiran guga ta cika.
Duk lokacin da abin ya fi ƙarfin kowa,
hannun nan ne ke rufa musu asiri.

Da aka samo mai, ban tsaya ganin ƙarshe ba,
na san ƙarshen: wani zai share fage,
wani zai mayar da bunsuru ya ba da haƙuri.
Na bi hanyar Mokoyo a ƙafa,
ɗan kabu-kabu ya yi mini oda, na ce ya wuce.
Sai a ƙofar gida na lura
tun daga Bagalam hannuna na dunƙule,
kantar igiya na yi mini ƙaiƙayi.