Almakashin Dieufort

A kasuwar Jacmel, kusa da masu gawayi,
Dieufort yana tallan magani a bokiti.
Ya jera katin ƙwayoyi sun yi hasumiya,
ja a sama, shuɗi a tsakiya,
ya ɗaure da roba kada iskar teku ta yi gaba da su.
Ba shi da farar riga,
sai almakashi rataye a wuya.

Jesula ta sauko daga tudu tun asuba.
A asibiti kantoci wayam,
gizo-gizo ya kama haya a kabad.
Nas ta rangaɗa sunan magani a takarda,
ta ce, je ki nemo.

Ga takardar nan, zufa ta cinye rabinta.
Ƙwaya ashirin da ɗaya,
sau uku a rana, kwana bakwai.
Ta kwance ƙullin hankici.
Kuɗin shida ne.

Ƙyas. Ƙyas.
Almakashi ya bi ta cikin mako
ya fito da kwana biyu.

Yaron da ke tari a gida bai iya lissafi ba,
amma ciwon ya iya.
Zai yi likimo Talata da Laraba,
ya miƙe ran Alhamis
ya tambayi sauran.

Dieufort ya san wannan.
Ya kuma san ranar da aka buga a bayan katin
ta shuɗe tun kafin ruwan farko,
shi ya sa babban yatsansa ke zaune a kanta
kamar kaza a kan ƙwai.

Ɗan ƙanwarsa mai wanke bene a ƙetaren ruwa
ya ce a waya,
kawu, nan fa har kare yana da likitan haƙori,
irin kayan bokitinka kuwa
da buhu muke fitar da su shara.
Dieufort ya yi dariya don kada katin wayar ya tafi a banza.

Jesula ta juya za ta tafi, ya kira ta.
Ƙyas.
Ga gyara, in ji shi,
kamar tumatir ta saya.
Bakwai ke nan.

Da dare ya zazzage aljihu a kan tabarma.
Tsohuwarsa na jingine da bango, ƙafa a kumbure.
Ya ɗauko ƙwayar hawan jininta, guda ɗaya,
ya kai ta kusa da fitila,
yana neman tsakiyarta da reza.