Bashin Yashi

Daren jiya na baro Bangkok a motar haya,
kaina na gwaruwa da taga har Lampang.
Shekara uku rabona da gida.
Kaka Buakham ba ta ƙirga mini su ba,
bokiti kawai ta miƙo:
"Rafi. Kafin rana ta take."

Yau ce ranar tsakani,
tsohuwar shekara ta fita, sabuwa na bakin ƙofa.
Ba zagi, ba ɗaga murya,
ko kaza ta hau tabarma, lallashinta ake ta sauka.
Bakin da ya yi ɗaci yau, in ji su,
da ɗacinsa zai kai baɗi.

Na ce, "Kaka, yashin na mene ne?"
Na sani sarai. So nake in ji daga bakinta.
"Duk mai shiga haikali ya fito,
tafin ƙafarsa ya saci ƙasa,
ƙwaya-ƙwaya har shekara.
Bashi hanji ne. Yau ake biya."

"To ai ni ban taka ba, ba a bi na komai."
Ta dube ni ta saman tabarau.
"Ɗauki biyu. Ɗaya na kakanka Inthon ne.
Da nasa a ƙafa ya tafi."

A hanya yara suka tare ni,
ruwan ƙanƙara a ƙeya, farin alli a kumatu,
wata mai giɓi ta roƙi gafara
sannan ta juye mini kwano guda.
Yashin ya jiƙe, ya ƙara nauyi.
Ban sauke ba.

A farfajiyar haikali muka tara tsibi biyu.
Ta kafa tutar takarda a kan nasa,
ta shafa gefen da ya zube
kamar mai gyara wa miji wuyan riga.

Da safe na durƙusa gabanta
da ruwan furanni a ƙoƙon azurfa,
na zuba a hannuwanta a hankali.
Ya bi jijiyoyi, ya ɗiga ta gwiwar hannu.
Abin da na shirya faɗa tun daga tasha
ya maƙale.
Ta ɗora jiƙaƙƙen tafi a kaina,
ta ɗaura mini farin zare a wuyan hannu,
ta ce shinkafa na hucewa.

Yanzu ga ni a ɗakina, hawa na tara.
Na cire takalmi,
yashi ya zubo kan siminti,
bai fi cikin cokali ba.

Na ɗauko tsintsiya.
Na mayar da ita bayan ƙofa.