Tana a Bakin Ƙugiya

Shekara talatin da ɗaya ina bandar kifi a Garwa,
ƙasan gada, inda dorina ke huci da asuba.
Hayaƙin itacen ƙirya ya san hanyar ƙirjina
fiye da yadda na san hanyar gidan ƙanwata.

Tari ya zo da damina, bai tafi da ita ba.
Likita ya ɗaga hoton sama kamar mai duba jabun kuɗi,
ya ɗora bakin biro a kan wani ɗigo:
"Inna Kande, ga shi nan a huhun dama. Bai wuce gujiya ba."
Na ce, to mene ne shi?
Ya ce wannan hoton inuwa kawai yake gani,
inuwa kuwa ba ta faɗin sunan mai ita.
Ko tabon tsohon ciwo ne ya yi kwanciyarsa,
ko daji ne ya turo ɗan leƙen asiri.

Tanimu ya sayar da injin kwale-kwalensa.
Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa dare guda,
sai wata tafiyar da ba na son tuna kuɗinta,
har garin da ko "sannu" ban iya ba.

Suka hana ni karyawa.
Wata yarinya mai sanyin hannu ta kawo allura
a cikin kube na darma.
Ta ce sukari ne, amma an rataya masa fitila,
'yar wutar da ido ba ya gani,
wadda za ta mutu don kanta kafin gobe.
Kowace tsoka za ta lasa.
Shi daji ba ya ci da kunya,
wawura yake yi,
in ya wawura, fitilar ta tona shi.

Na yi dariya har tarin ya taso.
Na ce, 'yata, ai wannan tana ce a bakin ƙugiya,
da ita ubana ya ciyar da mu tara.
Tarwaɗa ba wayo ta rasa ba,
kwaɗayi ne ke kawo ta kan wayata.

Awa guda a ɗaki mai duhu: ba magana, ba motsi.
Ni, da kasuwa ke jin muryata tun daga tasha!
Sannan aka zura ni a bakin wata farar randa,
hannuwa sama.
Ni mai shimfiɗa kifi, yau ni aka shimfiɗa.

Da hoton ya fito,
ƙwaƙwalwata na ci bal-bal kamar kasuwar dare.
Likita ya ce ta kowa haka take.
Na ce, duk da haka ka faɗa wa Tanimu.
Muka gangara huhun dama.
Gujiyar tana nan, dishi-dishi,
kamar tokar murhun jiya.
Ba ta taɓa tanar ba.

Na buɗe baki zan rangaɗa guɗa, ya ɗaga hannu:
"Alama ce mai kyau, ba rantsuwa ba ce.
Akwai dajin da ke ci kamar baƙo a gidan surukai,
akwai tarin fuka mai wawura alhali ba daji ba ne.
Bayan wata shida a sake auna ta a gida."

Bai gaya mini sabo ba.
Ƙugiya ta kwana ba a ja ta ba,
ba shi ne Binuwai ba kifi.

Na dawo. Na juya bakin murhu,
ina tsayawa ta inda iska ke fitowa.
Ina tara wa Tanimu kuɗin inji a gwangwanin madara,
a ciki na jefa gujiya ɗaya.
Kullum in zuba sefa, sai in dube ta.
Yau wata na huɗu.
Ita dai ta gwangwanin ba ta ƙaru ba.